Ranar Ganin Likita: Yadda Ake Samunta da Yadda Kalma Ɗaya Kan Ɓatar da Ita

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Duk da haka, da yawa daga cikinmu ba mu san hanyar da ake bi a ga likita ba sai ranar da ciwo ya kayar da mu ko ya kayar da wani namu. Wannan 'yar maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana wane ne likitan iyali, da yadda ake samun ranar ganinsa a garin Maiduguri, da abubuwan da ya kamata mutum ya duba kafin ya karɓi ranar da aka ba shi. Har ila yau, da yake masu karatun wannan mujalla ɗaliban harshe ne, za a taɓo kalmomin lokaci na Hausa da irin rawar da suke takawa a bakin tagar asibiti.

Tun da farko ya kamata in faɗa wa mai karatu cewa ba da Hausa na buɗe baki ba. Kanuri ne harshen da na sha a nono. Hausa kuwa a titunan Maiduguri na tsince ta, bayan da rikici ya taso mu daga ƙauyenmu na kusa da Bama a shekarar 2014. Abin da ya same ni a kan wannan hanya ta koyo shi ne mafarin wannan rubutu.

Abin da Ya Faru da Ni

A shekarar 2019, ina gab da gama sakandare, mahaifiyata ta yi ta fama da ciwon kai da jiri. Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da cinikin kayan miya ba, saboda haka ni ne tafintanta. Na raka ta wani asibiti a cikin gari ranar wata Talata. Likita ya auna ta, ya ce hawan jini ne, ya rubuta mata maganin mako biyu. Da muka fito, malamar da ke rubuta rana ta miƙo mini kati, ta ce, "Ɗan samari, ka dawo da Mama makon jibi, kamar yau."

A cikin wannan jimla kalma biyu kawai kunnena ya riƙe, wato "jibi" da "kamar yau". Na fassara wa mahaifiyata cewa mu dawo bayan kwana biyu, da sassafe kamar yadda muka zo. Ranar Alhamis muka biya kuɗin Keke Napep, muka zauna a benci har hantsi ya dubi ludayi, sannan aka ce mana, "Ai ba yau ba ne ranarku, ku duba katinku." Na duba, na ga kuskurena a rubuce, amma kunya ta hana ni faɗa mata gaskiya. Cewa na yi likita ne ba ya nan. Ita kuwa ta ce tunda kan ya daina ciwo, ba za ta sake ɓata kuɗi da yini guda a kan benci ba. Ni ma ban matsa ba, domin na san inda laifin yake.

Magani ya ƙare, ranar ta zo ta wuce. Bayan kamar wata biyu, wata safiya kofi ya suɓuce daga hannunta, bakinta ya karkace. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi, ta tashi, tana tafiya da ƙafarta, amma har yau hannunta na hagu bai koma daidai ba. Likitan da ya karɓe mu tambaya ɗaya ya yi mini, "Me ya hana ku dawowa?" Amsar wannan tambaya ita ce nake bayarwa yanzu.

Wane ne Likitan Iyali?

Likitan iyali shi ne likitan da ake fara gani, wanda ba ya ware ciwo kuma ba ya ware shekaru. Yana duba jariri, yana duba mai ciki, yana duba tsoho. Mafi yawan cututtukan yau da kullum, irin su zazzaɓin cizon sauro da taifot da gyambon ciki da hawan jini da ciwon sukari, a hannunsa suke ƙarewa. Wanda ya fi ƙarfin ɗakinsa sai ya rubuta takarda ya tura shi wurin ƙwararren da ya dace, ko na zuciya, ko na ido, ko na ƙashi.

Wasu kan ɗauka cewa ƙaramin likita ne. Ba haka abin yake ba. Bayan shekara 6 ta karatun likitanci da shekara guda ta gwajin aiki da hidimar ƙasa, sai ya sake yin wasu shekaru yana samun horo, ya ci jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko ta takwararta ta Afirka ta Yamma. Ƙungiyar likitocin iyali ta duniya ma ta ware ranar 19 ga Mayun kowace shekara domin tunawa da aikinsu.

Tushen wannan tsari shi ne taron da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978, inda ƙasashen duniya suka amince cewa kula da lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙi. A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ne ya fi kowa tsayawa a kan wannan manufa. An kasa asibitoci mataki uku. Na farko su ne ƙananan asibitocin unguwa, waɗanda Bahaushe ya raɗa wa suna sha-ka-tafi. Na biyu su ne manyan asibitocin jiha, irin su Asibitin Ƙwararru na Jiha da Asibitin Umaru Shehu da ke Bulumkutu. Na uku su ne na tarayya, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da ke kan hanyar Bama, wanda aka buɗe a 1983, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke kan hanyar Baga. A asibitin koyarwa akwai sashe guda na likitocin iyali, kuma su ne ke riƙe da ɓangaren da ake duba marasa lafiya su koma gida, wanda jama'a suka fi sani da GOPD.

Zuwan Farko: Kati, Layi da Lamba

A galibin asibitocin gwamnati, zuwan farko ba ya bukatar a ba ka rana. Wanda ya riga zuwa shi ake riga dubawa. Matakan da ake bi kusan iri ɗaya ne ko'ina:

1. Yankar kati. Za a tambayi suna da shekaru da adireshi da lambar waya, a buɗe maka fayil, a ba ka ƙaramin kati mai ɗauke da lamba. Fayil yana zama a asibiti, kati yana bin ka gida. Da wannan lambar ce ake nemo tarihin ciwonka, ko a takarda yake ko a kwamfuta.

2. Biyan kuɗin ganin likita da karɓar rasit.

3. Awo a wurin nas. Za a auna zafin jiki da nauyi da bugun jini. A nan ne ake tace layi. Idan nas ta ga yaro yana suma ko dattijo yana numfashi da ƙyar, sai ta shigar da shi gaba da kowa. Wannan ba son kai ba ne, ƙa'idar aiki ce.

4. Shiga ɗakin likita, sannan ɗakin gwaji ko wurin karɓar magani.

Da yake likitoci kaɗan ne, marasa lafiya kuma da yawa, sammako shi ne jarin talaka. Amma fa in ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. A asibitocin kuɗi abin ya ɗan sha bamban, domin a wasunsu mutum kan buga waya ko ya aika saƙon WhatsApp a ajiye masa lokaci.

Ranar Dawowa

Ainihin abin da ake kira ba da rana yana zuwa ne bayan ganin farko. Likita zai ce a dawo bayan mako biyu, ko wata guda, ko wata uku, sai ma'aikacin ɗakin kati ya duba littafinsa ya rubuta kwanan wata. Likita ba da ka yake yanke wannan tazara ba. Akwai dalilai uku a bayanta: lokacin da magani ke bukata kafin a ga aikinsa, da lokacin da sakamakon gwaji zai fito, da yawan ƙwayoyin da aka rubuta.

Mu ɗauki hawan jini misali. Ana cewa mutum yana da shi idan awonsa ya tsaya a kan 140 bisa 90 ko fiye. Sau da yawa ba ya nuna wata alama, kuma maganinsa ba na warkewa ba ne, na riƙewa ne. Ranar dawowa ita ce ranar da za a ga ko ƙwayar ta yi daidai, ko a ƙara, ko a canza. Wanda ya ce ya ji sauƙi ya daina zuwa, ya bar ƙofa a buɗe ga shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda da na zuciya. Haka yake ga mai tarin fuka, wanda zai sha magani wata 6 cur ba fashi. Haka yake ga mai ciki, wadda tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta je awo aƙalla sau 8 maimakon sau 4 na da. Haka kuma yake ga jariri, wanda ake yi wa allurar rigakafi ranar haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, da wata 9, da wata 15.

Bugu da ƙari, a manyan asibitoci kowane sashen ƙwararru yana da ranakunsa a mako. Wanda ya kuskure ranarsa ba gobe zai dawo ba, sai wani zagayen, wanda kan iya kai makonni.

Abin Dubawa Kafin a Karɓi Rana

Abin da ban sani ba a wancan lokaci shi ne, ranar da aka ba ka ba hukuncin alƙali ba ce. Kana da damar cewa, "Malam, don Allah wannan ranar ba za ta yiwu ba, a ba ni wata." Ga abubuwan da ya kamata a auna:

Na farko, magani. Ƙirga ƙwayoyinka, ka tabbata za su kai ka ranar. Idan ba za su kai ba, faɗa tun kana tsaye a wurin.

Na biyu, gwaji. Idan an tura ka gwajin jini ko hoto, ka karɓi ranar da sakamako zai riga ya fito. Mai gwajin sukari na kafin karin kumallo zai kwana aƙalla awa 8 bai ci komai ba, saboda haka safiya ce tasa.

Na uku, ranar mako. Litinin ta fi kowace rana cunkoso, domin ciwon Asabar da Lahadi duk a kanta yake sauka. Juma'a kuwa gajeruwa ce saboda masallaci. Tsakiyar mako ta fi sauƙi.

Na huɗu, yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Maiduguri kan haura digiri 40, ba lokacin da za a bar tsoho a layi da tsakar rana ba ne. Ƙarshen damina kuma lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, benci kan cika maƙil.

Na biyar, hutu da azumi. Ranakun Sallah sai an ga wata ake tabbatar da su, saboda haka a guji karɓar ranar da ke gab da su. Mai ciwon sukari ko hawan jini da ke niyyar azumi ya nemi ranarsa kafin watan ya kama, domin a daidaita masa lokutan shan magani.

Na shida, ɗan rakiya da kuɗin mota. Tun da aka hana hawa babur a Maiduguri a 2011, Keke Napep ce abin hawan jama'a. Wanda zai taso daga Bulumkutu zuwa hanyar Bama ya san ba keke ɗaya zai hau ba. Ɗalibin da zai raka iyayensa ya duba jadawalin laccarsa da na jarrabawa tukuna.

Na bakwai, likitan kansa. Idan akwai hali, a nemi ranar da likitan da ya fara duba ka yake aiki, domin ba sai an sake labari daga farko ba. Macen da ta fi sakewa da likita mace ita ma tana iya tambaya.

Sai dai akwai ciwon da ba ya jiran rana: karkacewar baki ko mutuwar hannu farat ɗaya, ciwon ƙirji mai tsanani, sarƙewar numfashi, jijjigar yaro, da zubar jini ga mai ciki. Waɗannan ɗakin gaggawa ake nufa da su kai tsaye, dare ko rana. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta hana a ƙi karɓar mai bukatar taimakon gaggawa.

Zaɓen Asibiti a Tsarin Inshora

Inda tsarinmu ya fi kusa da na likitan iyali na sosai shi ne inshorar lafiya. An yi dokarta a 1999, aka ƙaddamar da ita a 2005 da sunan NHIS. A watan Mayun 2022 sabuwar doka ta maye gurbinta, hukumar ta koma NHIA, aka kuma wajabta inshorar a kan kowa. Jihar Borno tana da tata hukumar, wato BOSCHMA, ɗaliban manyan makarantu kuma suna da nasu shirin mai suna TISHIP.

A tsarin ma'aikatan tarayya, ma'aikaci kan zaɓi asibiti guda ya zama nan ne gidansa na farko, shi da matarsa ko mijinta da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18. Ana biyan asibitin wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum, ko ya zo ko bai zo ba, shi kuma mara lafiya ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Ba a tsallake wannan asibiti a tafi wurin ƙwararre sai da takardar turawa da lambar izini. Wanda bai gamsu ba yana iya neman canji bayan wata 6. Ke nan, wajen zaɓe kusanci da gida ya fi girman gini muhimmanci.

A Ingila, inda aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948, kusan kowa yana da rajista a wani ɗakin likitocin iyali na unguwarsu. Ana neman lokaci ta waya ko ta intanet, a ba mutum kimanin minti 10. Su ma suna da irin nasu sammakon, domin da ƙarfe 8 na safe kowa ke rububin buga waya. Namu layin a kan benci yake, nasu a kan waya.

Kalmomin Lokaci a Bakin Taga

Yanzu bari mu dawo gida, wato fagen harshe. Kalmomin "asibiti" da "likita" da "nas" da "kati" da "fayil" duk aro ne daga Turanci. A Kanuri muna cewa "liita" ga likita, "liitari" ga asibiti, da ɗafin nan na "-ri" mai nuna wuri, irin wanda ke cikin sunan unguwar Shehuri. Amma abin sha'awa, Hausa ba ta tsayar da kalma guda ga ranar da likita ke bayarwa ba. "Alƙawari" ya yi nauyi, domin alƙawari kaya ne. "Sa rana" kuma ta riga ta zama ta aure. Abin da bakin jama'a ya zauna a kai shi ne "an ba ni rana" da "ranar dawowa" da "yau ce ranata".

Inda gizo ke saƙa shi ne lissafin kwanaki. Bahaushe yana da gobe, jibi, gata, citta da shekaran citta, wato daga kwana 1 zuwa kwana 5. Sannan ya ɗauki jiya da gobe da jibi ya ɗora su a kan mako da wata. Makon jiya shi ne wanda ya wuce, makon gobe shi ne mai zuwa, makon jibi shi ne na bayansa. Haka watan gobe da watan jibi. "Rana ita yau" kuwa tana nufin bayan kwana 7. Ga wanda aka haifa cikin harshen, wannan a fili yake. Ga mai koyo irina, kalmar da ya sani ita yake cafkewa, sauran su bi iska.

Tarko na biyu shi ne "wata". Ma'aikaci zai ce "ran 12 ga wata" yana nufin watan Turawa, tsohuwa kuma ta tafi tana ƙirga na sama. Watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, shekararsa kuma ta gaza ta Turawa da kimanin kwana 11, saboda haka da wuya kwanakin biyu su haɗu. Tarko na uku shi ne sa'a. Asibiti da agogo yake aiki, jama'a kuma da hantsi da walaha da azahar. "Da safe" a bakin nas ƙarfe 8 ne, a kunnen wani kuwa har ƙarfe 11 safiya ce.

A gari irin Maiduguri, inda Kanuri da Shuwa da Babur da Margi da Fulani da sauransu ke haɗuwa a layi ɗaya, Hausa ce gadar da ke tsakanin ma'aikaci da mara lafiya, kuma sau da yawa dukansu biyu ba harshensu na farko ba ne. Maganin abin shi ne a faɗi rana ta hanya uku: sunan ranar, da kwanan wata, da yawan kwanakin da suka rage. Misali, "Talata, 12 ga wata na Turawa, nan da kwana 14, ƙarfe 8 na safe." Shi kuma mai karɓa ya maimaita da bakinsa kafin ya bar tagar. Matambayi ba ya ɓata.

Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta nuna cewa zuwan farko na sammako ne, zuwa na biyu kuwa na lissafi ne, kuma mutum yana da bakin magana a kan ranar da za a ba shi. Ina ƙara ba da shawarar a ɗauki hoton kati a waya. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya mamaye unguwanni da dama har ya shiga asibitin koyarwa. Katin mahaifiyata yana cikin abin da ruwan ya tafi da shi, hoton da ke wayata ne ya fitar da mu. Idan kuma rana ta kuɓuce, kada kunya ta zaunar da kowa a gida, a koma a nemi wata.

Kira na ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, kusan kowannenmu tafintan gidansu ne, ko ya sani ko bai sani ba. Mai neman batun kundin digiri ya leƙa layin asibiti, zai tarar da aikin fassara jibge yana jiran mai yi. Ni dai sai da na shiga aji biyu a jami'a sannan na iya zama gaban mahaifiyata na faɗa mata cewa likita yana nan a waccan Alhamis, ni ne ban ji Hausa ba. Ta yi shiru, sannan ta ce to ai ga shi yanzu ina karanta ta, sai in riƙe ta da kyau. Ranarta ta gaba Talata ce, kuma na ƙirga ƙwayoyin, za su kai.